Neman kalmar Hausa: me za mu kira anxiety disorder a rediyo?

Mai_Shirin_Lafiya: Salamu alaikum. Ranar 10 ga Oktoba ce Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, jibi zan miƙa rubutun shirinmu. Na sa "ciwon damuwa" a wurin anxiety disorder, edita ya ce wannan sunan depression ne. Akwai kuma panic attack da abnormal behaviour. A taimaka.

Likitan_Ƙwaƙwalwa: Wa alaikumus salam. Edita ya yi daidai. Ciwon damuwa shi ne mutuwar jiki, yanke ƙauna, rashin jin daɗin komai. Anxiety disorder kuwa tsoron abin da bai zo ba ne, don haka "ciwon fargaba". Ki fayyace cewa fargabar jarrabawa ba ciwo ba ce. A ma'aunin DSM-5 na 2013, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi wajen tantance ciwo, nau'in ciwon fargabar da ke mamaye komai sai an yi wata 6 ana fama a yawancin kwanaki, mutum ya kasa tsayar da tunanin, kuma a samu 3 cikin alamomi 6: rashin natsuwa, saurin gajiya, kasa tattara hankali, saurin fushi, ɗaurewar tsoka, matsalar barci.

Malamin_Hausa: Likita, fargaba faɗuwar gaba ce, ta zo ta wuce. Abin da ke zama wata 6 a zuciya zullumi ne. Yadda sanƙare ya ba mu sanƙarau, a ce zullumau. Kalma ɗaya, ba jan magana.

Hajiya_Nas: Malam, ɗafin -au yana kama mutum: mantau, makarau. Gobe yara su riƙa bin mara lafiya da "Zullumau". Da ma tsoron a kira su mahaukata ne ke hana mutane zuwa asibiti.

Malamin_Hausa: Hajiya, an taɓa kiran wani Sanƙarau?

Abba_Jami'a: Me zai hana mu ce anzayati kawai? Ai maleriya da taifot duk aro ne.

Malamin_Hausa: Wannan ne ke kashe harshe! Muna da fargaba, zullumi, taraddadi, ɗar-ɗar, firgici, razana, sannan mu tafi bara?

Ɗan_Damagaram: Mu nan Faransanci muka karanta, anzayati ba ta gaya mana komai, kuma ana kama tashoshinku a nan. Amma Malam, ku ma Kanawa kukan ƙirƙiri kalma a ofis ku ce ita ce Hausa, ba a tambayi Damagaram ko Sakkwato ba.

Malamin_Hausa: Daidaitacciyar Hausa ba ni na kafa ta ba.

Abba_Jami'a: To waswasi fa?

Likitan_Ƙwaƙwalwa: A bar waswasi ga mai maimaita alwala ko duba ƙofa sau goma. Tun 2013 DSM-5 ya cire shi daga rukunin ciwon fargaba, haka ma a ICD-11, jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan aka haɗa su shirin zai rikitar da mutane.

Panic attack kuwa firgici ne da ke kai ƙololuwa cikin mintoci: bugun zuciya, gumi, karkarwa, sarƙewar numfashi, jiri, jin kamar mutuwa ta zo. Ana neman 4 cikin alamomi 13. Na fi son "tashin firgici", tunda mukan ce ciwonsa ya tashi. Kafin a sa wa ciwon suna a auna zuciya da tayroid da sukarin jini, a tambayi yawan goro da shayi, da ko mutum ya daina tramadol kwanan nan. Abin da ke ɓata lamari shi ne sayen diazepam a kemis: yana kwantar da jiki nan take, sai jiki ya saba, ranar da aka daina fargabar ta dawo fiye da da. Magungunan da likita ke rubutawa irin su sertraline sukan ɗauki mako 4 zuwa 6, mutane kuma su watsar a mako na biyu su ce ba ya aiki.

Mai_Shirin_Lafiya: Na gode, Likita. Abnormal behaviour fa? "Mugun hali"?

Hajiya_Nas: A'a, wannan hukunci ne na tarbiyya. "Hauka" ma a guje ta, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Abu huɗu ake dubawa: ya saɓa wa al'adar wurin, yana ƙuntata wa mai shi, ya hana shi aiki ko karatu ko zaman aure, ko akwai haɗari. Na farkon kaɗai bai isa ba. Amaryar da ba ta iya ɗaga ido gaban surukai kunya ce. Wadda ta daina zuwa aji gaba ɗaya don kada a kalle ta, ita ce za a duba. Ni dai "halin da ke nuna larura" zan ce.

Malamin_Hausa: Wannan jimla ce, ba kalma ba. Kuma ciwon fargaba ba zai nuna tsawon lokacin ba.

Mai_Shirin_Lafiya: Lokaci ya ƙure. Zan sa "ciwon fargaba da zullumi" a ambaton farko, sai "ciwon fargaba" daga baya, da "tashin firgici". Na ukun zan yi bayaninsa da misalin Hajiya, ba suna.

Malamin_Hausa: Ki tafi da shi na wannan makon. Amma ki rubuta zullumi da l biyu. Zullumau kuma ban janye ba, zan kai ta gaban masana a Jami'ar Bayero.