Zan ɗora robot ɗin MT4 a kan VPS: wane girma zan kama, kuma a wace ƙasa?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum manyanmu. Ina da robot, wato EA, manhajar da ke saye da sayarwa da kanta, yana cinikin EURUSD (yuro da dala) da zinare a MT4, wato manhajar ciniki ta MetaTrader 4, a kan allon farashi na minti 15. A laftof yake a nan cikin garin Katsina, kuma kun san halin wuta da sabis: da ɗaya ya yanke, ciniki na nan a buɗe ba mai lura da shi. An ce in kama hayar VPS, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana a cibiyar wani kamfani, ana shiga ta intanet. Wane girma zai ishe ni? Wace ƙasa zan zaɓa? In na kashe wayata, robot ɗin zai ci gaba da aiki? Jarin dala 300 ne. Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Kusugu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari mu fara da batun ƙasa, don nan aka fi tafka kuskure. Ba kusa da kai ake son VPS ya kasance ba, kusa da sabar dillalinka ake so, wato babbar kwamfutar kamfanin da kake ciniki ta hannunsa. Dillalai da dama suna ajiye sabarsu a cibiyoyin Equinix, ko dai LD4 da ke Slough a gefen Landan, ko NY4 da ke New Jersey ta Amurka. Rubuta wa dillalinka ka tambaye shi inda sabar asusunka take, sannan ka kama VPS a wannan birnin. In ka danna kusurwar dama ta ƙasa a MT4, za ka ga jerin sabobi da milisakan ɗin da saƙo ke ɗauka. Daga Katsina saƙon sai ya gangara Legas ya bi wayar ƙarƙashin teku, da wuya ka ga ƙasa da milisakan 100. Daga VPS na Landan zuwa LD4 kuwa, yawanci bai kai 5 ba.

Amma kada wani ya tatse ka da tallan milisakan ɗaya. Wannan na masu robot ɗin da ke shiga ya fita cikin daƙiƙoƙi ne. Naka da ke jiran minti 15 ya cika, ko a Amsterdam ko Frankfurt ka ajiye shi ba zai ji bambanci ba. Abin da kai kake saye shi ne rashin yankewa. Ka tuna Maris na 2024 da wayoyin teku suka katse a gabar Afirka ta Yamma, da Oktoba na shekarar da Arewa ta fi mako a duhu. Inbata da sola za su riƙe maka laftof, amma ba su da maganin sabis.

Girma: Windows Server kaɗai yana cin kusan giga ɗaya na RAM ko fiye, MT4 guda mai allo biyu kuma bai cika wuce megabait 300 ba. Giga 2 zai ɗauke ka. In kana da niyyar ƙara asusu na biyu ko ka koma MT5, ƙanen MT4, ɗauki giga 4 da CPU mai kai biyu. Ma'ajiya giga 40 ta wadatar. Wanda ake sayarwa da araha mai giga 1, rabu da shi, a lokacin da kasuwa ta ɗauki zafi yake sandarewa.

Za su turo maka lambar IP, sunan shiga da kalmar sirri. Shiga ta Remote Desktop, manhajar da ke nuna maka allon VPS daga nesa, a waya ko a laftof. A cikin VPS ɗin ka sauke MT4 daga shafin dillalinka, ba daga ko'ina ba. Danna File, Open Data Folder, MQL4, Experts, ka zuba fayil ɗin robot, mai ƙarewa da .ex4, a nan. In robot ɗin na dogara da wasu indiketa, su shiga Indicators, fayil ɗin saitinsa na .set ya shiga Presets. Rufe MT4 ka sake buɗewa, ja robot ɗin ka saka a kan allon, ka kunna AutoTrading ya zama kore. Dubi kusurwar dama ta sama: fuska mai murmushi na nufin yana da izinin ciniki, mai ɓata rai na nufin a zaune kawai yake. Sai ka rage masa nauyi: Tools, Options, Charts, mayar da Max bars in chart zuwa 5000, a Market Watch kuma ka danna Hide All.

Mai Gyaran Saba:

Yaya Injiniya ya gama da kafawa. Ni zan ɗauki tambaya ta uku, don amsarta “e” ce amma da sharaɗi.

In ka fita daga Remote Desktop ta hanyar rufe tagar ko Disconnect, komai na ci gaba da gudana, ko da wayarka ta faɗa rijiya. In ka danna Sign out kuwa, Windows zai rufe duk manhajojin da ke ƙarƙashin sunanka, har da MT4. VPS yana kunne, kana biyan haya, robot a mace.

Na biyu, Windows kan sabunta kansa ya sake tashi da tsakar dare, kuma MT4 ba ya buɗe kansa. Danna maɓallin Windows da R, rubuta shell:startup, ka jefa gajerar hanyar MT4 a cikin fodar da ta buɗe. Wannan kaɗai bai isa ba, domin fodar ba ta aiki sai an shiga da kalmar sirri, don haka ka haɗa da ƙaramar manhajar Autologon ta Microsoft. Gwada ranar Asabar: sake tayar da VPS da hannunka, jira minti biyar, ka shiga ka ga ko ka tarar da MT4 a buɗe da fuskar nan tana murmushi. Sabunta Windows ma ranar Asabar ake yi, tunda kasuwa na rufe daga daren Juma'a, ba ta buɗewa sai Lahadi da ƙarfe 10 ko 11 na dare agogonmu.

Abin da ya fi cin kuɗin mutane shi ne barin robot a kunne a wuri biyu. Ka ɗora a VPS, ka manta na laftof yana nan da AutoTrading kore. Su biyun suna ganin alama ɗaya a daƙiƙa ɗaya, kowa ya buɗe nasa, lot ɗinka, wato girman cinikinka, ya ninka. Cire shi daga laftof gaba ɗaya. Duba asusu kuma ta manhajar waya, da kalmar sirri ta kallo, wadda ake kira investor. Amma kada ka yi kuskuren shiga MT4 na cikin VPS da ita, robot ba zai iya buɗe komai ba.

Ka kuma binciki inda iyakar asararka take zaune. Stop Loss na gaskiya a sabar dillali yake, zai yi aiki ko VPS ya mutu. Wasu robot suna ɓoye nasu a cikinsu, ba sa tura wa dillali. Trailing Stop na MT4, wato iyakar asara mai bin farashi, shi ma a manhajar yake aiki, ba a sabar dillali ba. Buɗe ciniki ɗaya a asusun gwaji ka duba layin S/L: in sifili ka gani, to duk lokacin da VPS ya yanke ba ka da shinge.

In ya ƙi ciniki, karanta shafukan Experts da Journal a ƙasa kafin ka zargi kowa. Ga ma'anar lambobin kuskuren da za ka gani: 4109, ba a ba shi izini ba. 134, kuɗi bai isa ba. 130, iyakar asara ta matse farashi fiye da yadda dillali ya yarda, kuma a zinare aka fi ganinta. Wani lokacin sunan ne kawai: robot yana neman XAUUSD, dillali ya rubuta GOLD ko XAUUSDm.

Tsaro a taƙaice: ƙofar Remote Desktop ita ce 3389, kuma dare da rana ana lalube ta. Canja kalmar sirrin da aka turo maka ranar farko, ka sa doguwa. Allow DLL imports kuma, saitin da ke ba robot damar amfani da fayilolin waje, kada ka buɗe shi ga robot ɗin da aka raba kyauta a Telegram, don DLL na iya yin duk abin da ya ga dama a cikin kwamfutar.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Na gode Yaya. Akwai wurin sa awannin ciniki a saitinsa. Agogon Najeriya zan bi ko na VPS?

Mai Gyaran Saba:

Ya danganta da yadda aka rubuta shi, amma galibi agogon sabar dillali suke bi, wanda ke saman Market Watch. Dillalai da yawa suna gaba da mu da awa ɗaya lokacin sanyi, awa biyu daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko a Nuwamba, saboda suna bin canjin agogon Amurka. Mu ba ma canjawa, don haka sau biyu a shekara ka sake lissafi. Ka lura da rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda yawanci ke fita Juma'ar farko ta wata, ƙarfe 1:30 na rana agogonmu daga Afrilu zuwa Oktoba, 2:30 lokacin sanyi. Daidai sa'ar da kake masallaci, waya a aljihu. In robot ɗin ba shi da matatar labarai, kashe AutoTrading tun kafin ka yi alwala, amma ka tabbata duk cinikin da ke buɗe yana da Stop Loss na gaskiya, don kashewar na hana shi taɓa su.

Tsohon Akanta:

Yaro, duk abin da suka faɗa daidai ne, amma ɗauko biro. VPS mai kyau ka ƙaddara dala 15 a wata. A kan jarin 300, kashi 5 cikin ɗari ke nan duk wata, dala 180 a shekara, kashi 60. Sai robot ya ci wannan kafin a fara maganar riba. Hayar shago ce: tana ba ka wuri mai wuta, ba ta sa kaya su sayu. Ni a ganina, mai dala 300 ya nemi mafi araha da zai yi aiki, ya biya wata ɗaya tak, ya gwada a asusun gwaji ko na senti, wanda ake lissafinsa da senti maimakon dala.

Akwai hayar VPS da MetaQuotes, kamfanin da ya ƙera MT4, ke bayarwa daga cikin MT4 ɗin kansa, ta danna dama a kan asusu a Navigator. Ba ruwanka da Windows ko Sign out, kuma da ka tura robot can, yana kashe AutoTrading na laftof da kansa. Aibinsa: ba ya karɓar DLL, ba ka ganin allo, kuma duk canjin saiti sai ka sake turawa. VPS “kyauta” na dillali kuma da sharaɗin yawan lot a wata yake zuwa, wanda ƙaramin jari ba zai cika ba sai da ganganci.

Duba ko robot ɗinka na ninka lot bayan faɗuwa. 0.01, 0.02, 0.04, a mataki na bakwai 0.64, jimilla 1.27. A EURUSD, dala 12.70 ke nan kowane pip, wato ɗan ƙaramin matakin motsin farashi, pip 24 sun share 300, ban da asarar da ta riga ta taru. A zinare, wurin yawancin dillalai, 0.01 oza ɗaya ce, motsin dala ɗaya asarar dala ɗaya, kuma zinare na iya tafiyar dala 30 a wuni. Irin wannan robot, VPS zai ba shi damar yin ɓarnar ne ba hutu.

Cinikin da ya kwana ana cire masa ko a ƙara masa kuɗin ruwa, na Laraba ma ninki uku a yawancin kuɗaɗe. Nemi asusun da ba ruwa tun wajen buɗewa, hukuncin cinikin kansa kuma ka kai wa malamai. Sannan ka sa ranar biyan haya a kalandar waya, ka ajiye kwafin .ex4 da .set a laftof: in katin dala ya ƙi wucewa, kamfani dakatar da VPS yake yi, bayan 'yan kwanaki ya goge shi da duk abin da ke ciki.