Daga Kaduna zuwa Tulo-Tulowa kafin a koma makaranta: wa ya taɓa bin hanyar?

Baban 'yan biyu, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Yaran nan sun ga hotunan tuddan rairayin Tulo-Tulowa na ƙaramar hukumar Yusufari, jihar Yobe, a waya, tun daga ranar suka hana ni sakat. Ina so in kai su a makon ƙarshe na Agusta kafin hutu ya ƙare. Mu shida ne har da uwarsu, a Sienna. Lissafina Zariya, Kano, Haɗeja, Nguru, Gashuwa, sai Yusufari. Wanda ya taka hanyar da ƙafarsa ya gaya mini gaskiya, ban da "an ce".

Tsohon direba, Kawo:
Wa alaikumus salam. Alhaji, shekara goma sha ɗaya na yi ina lodin Nguru. Kowa ya ji Yusufari sai ya tuna yashi, amma a Agusta ruwa ne zai fara tare ka tun ba ka hango yashin ba. Daga Kaduna zuwa Kano ba magana, ka fita bayan asuba ka karya a Zariya. Kana barin Kano ta Gujungu ka nufi Haɗeja, to ka shiga ƙasar fadama, kuma lokacin ne kogin Haɗeja yake cika ya batse. In aka saki ruwan madatsun Tiga da Challawa a kan na sama, sai abin ya haɗe.

A ambaliyar 2022 kwana biyu na yi a gefen titi da fasinja, ruwa ya cinye ƙasan wani kwalbati ya bar kwalta a rataye kamar ɓawon ƙwai. Daga sama lafiya ƙalau za ka gan ta. Wani yaro mai kwale-kwale ne ya soka gora a gefen, ta shige gaba ɗaya, sannan muka yarda. Muka ci gurasa da ƙuli har muka gaji. Don haka in ka ga ruwa na gudu a kan titi, kada ka shiga don tirela ta wuce. Ka sauka, ka jira ɗan gari ya taka ka gani.

Bakanike, Panteka:
Oga, Sienna gindinta ƙasa yake. Za ta kai ka Gashuwa, amma in kwalta ta ƙare ka ajiye ta, ka yi hayar Hilux da direban yankin. Na taɓa bin wani maigidana da ya ce shi motarsa ba ta san yashi ba. Ta kafe har ƙofa ba ta buɗuwa, ya yi ta taka mai tayoyi na haƙa wa kansu rami, ƙarshe kuloci ya ƙone. Shanun huɗa ne suka ja mu. Ka riƙe shebur, igiyar ja, famfon taya, safaya biyu, da guntun katako na ɗora jak, don a yashi jak nutsewa yake. Kafin shiga rairayi a sace iskar taya, in an fito a mayar. Ka kawo ta a duba lagireto da fanbel kafin tafiya, ko ba wurina ba.

Malamar firamare, Tudun Wada:
Ni kam, Baban 'yan biyu, ba zan hana ka Agusta ba, duk da na ji abin da Baba direba ya faɗa. A Gashuwa na yi bautar ƙasa, kuma sau biyu na je wajen tuddan. Zuwan farko a Afrilu, yashi ya gasa mini ƙafa ta cikin takalmi, ba wanda ya iya hawa ko rabin tudu. Na biyu a ƙarshen damina, kwana ɗaya bayan an yi ruwa. Yashin ya danƙare, sanyi a tafin ƙafa, muka hau har ƙoli. Daga can ka leƙa ƙasa sai ga kwari kore shar, dabino da goruba sun kewaye ruwa, gefe guda farin kanwa ya yi fata-fata a ƙasa, raƙuma na kiwo. Har yau ban ga abin da ya kama ƙafar wannan ba.

Sai dai in har da tsuntsayen dausayin Dagona, tsakanin Nguru da Gashuwa, a ranka, ba lokacinsu ba ne. Waɗanda ke tasowa daga Turai sai hunturu suke cika wurin. Yana cikin gandun dajin ƙasa na Chad Basin, kuma saboda tsuntsayen nan Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya je har can a 1989. A Agusta abin da za ka fi gani kachalla ce, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, da jan-baki da ke kwana a cikinta su wayi gari a gonakin mutane. Sauro kuwa, Allah ya kyauta. Gidan sauro kowa da nasa, kada ka dogara da na masauki.

Mai sayar da banda, Bakin Dogo:
Duk wata ina Nguru saro kifi. Ka riƙe tsabar kuɗi, ƙanana, don bayan Gashuwa sabis zuwa yake yana ɗaukewa, ka tsaya gaban mai POS kamar mai jiran gawon shanu. Mai kuma ka cika tanki a Kano, ka ƙara a Haɗeja, ka sake cikawa a Gashuwa ko da rabi ya rage. Na bumburutu ya taɓa toshe mini mota. Ka kwana a Nguru, yara su ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, nan layin da ya taso daga Kano ya tsaya tun 1930. In ka yi sa'a gero ya fara nuna, ka sa a gasa musu tumu, 'ya'yan Kaduna ba su san shi ba.

Hajiya, Malali:
Ɗana, duk sun yi maganar mota, ni ta mutane zan yi. Ɗiyata na aure a Nguru, ina zuwa. La'asar ta yi muku a masauki, ban da tafiyar dare ko kusa. Shingayen jami'an tsaro suna da yawa, kowane babba ya riƙe katin shaidarsa a aljihu, kada ya cusa shi ƙasan jaka. Yanayin tsaro kuma sauyawa yake, labarin bara ba ya amfani bana, sai ka kira wanda ke can a satin da za ka tashi. In kun isa ƙauye ku fara da gaida bulama ko lawani, shi zai haɗa ku da ɗan rakiya. Yawanci Mangawa ne, amma Hausa za ta fishe ku. Kada yara su ɗaga waya suna ɗaukar matan mutane ba izini. Kuma ka tambayi uwar yaran ko ta yarda, na ga kai kaɗai kake lissafi.

Baban 'yan biyu, Unguwar Rimi:
Hajiya kin kama ni, yanzu na karanta mata tana dariya. Na gode ƙwarai jama'a. Mun tsayar da kwana biyar: Nguru daren farko, Gashuwa na biyu, Sienna ta huta a can. In labarin ruwan Haɗeja bai yi daɗi ba, mu ɗaga zuwa hutun Disamba, mu haɗa da Dagona. Baba direba, ko akwai wanda zan riƙa kira a tashar Haɗeja?

Tsohon direba, Kawo:
Akwai yarona da ke lodi a can har yanzu. Ka same ni a tashar Kawo gobe bayan azahar, wajen mai shayin da ke jikin masallaci, in kira shi a gabanka.