Ina zan kai ɗalibaina su ga barewa da idonsu?

Malamin Aji Biyar, Daura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyarwa a wata firamare a nan cikin Daura. Makon jiya muna darasin dabbobin gida da na dawa, na zana barewa a allo, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan akuyar ba ta ƙoshi ba ne?" Aji ya kwashe da dariya, ni ma na dara, amma abin ya tsaya mini a rai. Dukkansu sun haddace "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", ga shi ko mutum ɗaya bai taɓa ganin ta ba. Ni a ƙauye na tashi wajen Sandamu. In kaka ta yi muka fita roron gyaɗa, ba mu dawowa ba mu tayar da zomo ko fakara ba, ranar kasuwa kuwa ungulu cike da mahauta har sai an kore su. Yau ku nuna mini ungulu ɗaya a Daura. Tambayata ita ce, akwai wani gandun daji a jihar nan ko kusa da mu da zan iya kai yara? Na san gidan zu na Kano, amma a dawa nake son su gani.

Ɗan Malamin Daji, Katsina:
Wa alaikumus salam Malam, ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, malamin daji ne a ɓangaren Safana, bakin dajin Rugu. Da keke yake zagaye, da kakinsa da ɗan littafi a aljihu. Wanda ya kama da ɗanyen marke ko kirya ko maɗaci, a nan take zai rabu da gatarinsa, sai dai ya biyo shi gidan dagaci. Ina ɗan shekara tara yake ɗora ni a bayan keken. In mun isa bakin rafi da sassafe sai ya durƙusa ya nuna mini laka: wannan sawun gada ne, wannan na kura, dubi yadda na gaba ya fi na baya girma. Da damina kuma sarkin dawa kan hana farauta saboda namun suna da ciki ko goyo, mafarauta kuma suna jin maganarsa.

Rugu dai yanzu kada ka ko fara, kowa ya san halin da Safana da Batsari da Ɗanmusa suka shiga da 'yan bindiga. Sai dai ni ban yarda da masu cewa su suka kori namun ba. Kafin su zo, motocin itace sun daɗe suna fitowa maƙare, masu gawayi sun bi kirya ɗaya bayan ɗaya saboda gawayinta ya fi daɗewa a wuta, gonaki sun ci iyaka. Baba yana raye aka fara tumɓuke turakun siminti na kan iyakar gandun, ya rubuta takarda ya gaji. Dajin da babu mai tsaronsa ai dole wani ya tare a ciki. Batun ungulu kuwa, tambayi masu sayen kanta don tsubbu.

Maman 'Yan Biyu, Ƙofar Ƙaura:
Malam, in iyaye za su iya haɗa kuɗin mota, Yankari za ka kai su, a ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi. Tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma har yanzu akwai giwaye, duk da ganinsu sai an yi sa'a. Mu da bazara muka je, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suke gangarowa kogin Gaji. Giwa dai kashinta kawai muka gani, amma mun ga gwanki da gyado. Ruwan Wikki ɗumi gare shi dare da rana, garau har kana hango yashin ƙasa. Ka ja wa yara kunne kan gwaggon biri: ɗaya ya fizge ledar burodi a hannun ɗiyata, ya koma gefe ya zauna yana ci yana kallonmu. Tafiyar yini guda ce ta Kano, dole a kwana.

Bajibiye:
Hajiya, malamin firamare kike ce wa ya kwashi yara zuwa Bauchi da tsadar man nan? Ni Maraɗi nake fatauci. Arewa da Dakoro akwai gandun Gadabeji, a 2018 aka kai masa raƙuman dawa takwas daga Kure ta wajen Yamai. Shi ma ba kusa ba ne, ga shingen iyaka. Abin da ya fi burge ni a can ba shi ba ne, sassabin zamani ne. Manomi in ya zo sharar gona ba ya ƙone kututture, sai ya zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi na gawo ko kalgo ko sabara ya sassabe sauran. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ga taki. Inda itatuwan suka tashi za ka ji kukan tsuntsaye ya dawo. Ka nemi gonar da ke da manyan gawo ka kai su da asuba, ko sawun bushiya suka gani ai an rage.

Malamin Aji Biyar, Daura:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Ɗan Malamin Daji, in ka samu shigowa Daura don Allah ka zo ka zana musu sawun nan a ƙasa, ni ban iya bambance na gada da na akuya ba. Hajiya, nawa kuka kashe a kwana, kuma suna rage wa 'yan makaranta kuɗin shiga? Zan kai maganar taron iyaye ranar Asabar.