Ina Maxtor da Conner da Quantum suka shige? Tambaya kan tarihin kamfanin Seagate

Mai koyon gyara ya rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu na wannan zaure. A makon jiya maigidana ya sa ni kwance tsofaffin kwamfutocin da suka daɗe jibge a ɗakin ajiya, domin a ware masu amfani daga waɗanda za a zubar. Da na ciro faifan ajiyar bayanai na kowacce na jera su a kan tebur, sai na tsaya ina karanta sunayen da ke manne a jikinsu: Quantum, Maxtor, Conner, Fujitsu, IBM, Hitachi, Samsung da Seagate. Wasu ma ban taɓa jin sunansu ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yau idan mutum ya nemi sabon faifai irin mai juyawa, sunaye uku kaɗai yake cin karo da su, wato Seagate da Western Digital da Toshiba. Da na tambayi maigidana sai ya ce rabin waɗanda ke kan teburin Seagate ne ya haɗiye su, ya ci gaba da aikinsa. Ina roƙon wanda ya san tarihin ya warware mini: yaya aka yi hakan ta faru, kuma shin ingancin kaya ne ya raya Seagate har yau, ko kuwa ƙarfin aljihu?

Tsohon injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Maigidanka ya faɗi gaskiya, sai dai ya taƙaita da yawa.

Labarin ya soma ne da wani injiniya Ba'amurke mai suna Alan Shugart, wanda ya yi aiki a IBM tun zamanin RAMAC, na'urar da ta fito a 1956 da faifan ajiya na farko da aka sayar a duniya. Faranti 50 ke cikinta, kowanne faɗinsa inci 24, amma abin da take ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Shugart ya bar IBM ya koma Memorex a 1969, sannan a 1973 ya kafa Shugart Associates, inda bai daɗe ba saɓani ya raba shi da masu jarin kamfanin. A ƙarshen 1978 shi da Finis Conner da Tom Mitchell da wasu abokansu biyu suka kafa sabon kamfani, suka sa masa suna Shugart Technology, suka zauna a garin Scotts Valley na jihar Kaliforniya. A lokacin Xerox ya riga ya sayi Shugart Associates, kuma bai yarda wani ya riƙa kasuwanci da suna mai kama da na kamfaninsa ba, shi ya sa aka sauya zuwa Seagate. Ka ga mutum ya rasa ikon amfani da sunan gidansu a kan kamfanin da ya kafa da hannunsa.

Dabararsu mai sauƙi ce. Ƙananan kwamfutoci na wancan lokaci suna da gurbi mai faɗin inci 5.25 da ake zura na'urar faifan fulofi, sai suka ce bari su ƙera faifai mai tauri da zai shiga wannan gurbi daidai. A 1980 suka fito da ST-506 mai ɗaukar megabait 5, ana sayar da shi dala 1,500. Bayansa ST-412 mai megabait 10 ya biyo, kuma da IBM ya zaɓe shi cikin faifan da ya sa a kwamfutarsa PC/XT ta 1983, sai kakar Seagate ta yanke saƙa, domin duk mai kwaikwayon kwamfutar IBM dole ya nemi irin wannan faifai. Tun farkon shekarun 1980 kuma kamfanin ya soma kwashe aikin harhaɗawa zuwa Singafo, daga baya Tailan, saboda arhar ƙwadago.

Game da tambayarka ta inganci ko aljihu, ni a ganina amsar tana cikin faifan kansa. Ɗauki guda cikin matattun da ke teburinka ka kwance murfinsa. Za ka ga faranti mai sheƙi har kana ganin fuskarka a ciki, da wani siririn hannu da ya miƙe a kansa kamar hannun garmaho, da maganaɗisu mai ƙarfin da zai iya matse maka yatsa. A bakin wannan hannu akwai ɗan ƙaramin kai mai rubutu da karatu, wanda ba ya taɓa farantin, sai dai ya yi shawagi a kan iskar da juyawar ta tayar, da tazarar da ƙwayar ƙura guda ta ninka ta sau da yawa. Wannan kai da wannan faranti su ne rayuwar sana'ar. Kamfanin da ke saye su daga waje yana jiran wasu su ƙirƙiro masa ci gaba, wanda ke ƙera nasa kuwa shi ke yanka wa kansa lokaci da farashi. Seagate ya zaɓi hanya ta biyu, musamman bayan 1989 da ya sayi Imprimis, sashen ajiyar bayanai na Control Data Corporation da ke Minnesota, wanda ya zo masa da ƙwarewar ƙera kai da kuma manyan faifai na kamfanoni. Daga wannan gado ne Barracuda ya fito a 1992, faifai na farko mai juyi 7,200 a minti guda, sai Cheetah mai juyi 10,000 a 1996. A 1993 kuma ya buɗe masana'antar ƙera kai a Derry da ke Arewacin Ayilan.

Conner da ka gani a teburinka misali ne na ɗaya hanyar. Finis Conner ya bar Seagate a tsakiyar shekarun 1980 ya kafa Conner Peripherals, ya rungumi ƙaramin faifai mai inci 3.5 a lokacin da Seagate ke jan ƙafa a kansa, ya sami Compaq a matsayin babban mai saye, ya bunƙasa cikin hanzarin da ya ba kowa mamaki. Tsarinsa shi ne ya sami mai saye tukuna, ya tsara faifan, ya sayo yawancin sassan daga wasu ya harhaɗa. Da kasuwa ta yi tsanani riba ta tsuke, a 1996 sai ga Conner ya dawo cikin Seagate, gidan da ya baro.

Malama akanta ta amsa:

Baba injiniya, Allah ya ƙara lafiya. Na amfana da bayaninka, amma ina neman izini in ɗan saɓa maka, domin ka ba ƙira duk ladan, alhali kuwa rabin labarin a littafin kuɗi yake.

Sana'ar faifai sana'a ce da farashin kowane gigabait ke faɗuwa kowace shekara, ga shi kuma kowane sabon samfuri sai an narka kuɗi mai yawa a bincike da injuna kafin a sayar da ko guda. A irin wannan kasuwa wanda ya fi yawan ciniki shi ke iya raba wannan nauyi a kan miliyoyin faifai, ƙaramin kuwa ko da kayansa sun fi kyau sai ya durƙushe. Kamfanoni fiye da 200 sun taɓa ƙera faifan ajiya, kuma ba duka ne suka mutu saboda rashin ƙwarewa ba. Shi kansa Seagate ya sha wuya: bayan asarar da ya tafka, a watan Yulin 1998 kwamitin daraktoci ya sallami Shugart, ya naɗa Steve Luczo, wanda asalinsa ma'aikacin bankin zuba jari ne, ba injiniya ba. Wannan naɗi kaɗai ya isa ya nuna inda aka dosa.

Abin da ya faru a 2000 shi ne ya fi burge ni a duk tarihin. A 1999 Seagate ya miƙa wa kamfanin Veritas wani sashensa na manhajoji, aka biya shi da hannun jari. Lokacin ne kasuwa ta haukace a kan kamfanonin intanet da manhaja, sai darajar hannun jarin Veritas ta yi tashin gwauron zabo, har kason da Seagate ke riƙe da shi ya zarce darajar Seagate ɗin gaba ɗaya a kasuwar hannun jari. Ma'ana, a lissafin kasuwa, masana'antu da ma'aikata da duk cinikin faifan ba su da wata daraja. Idan kuma aka sayar da kason kai tsaye, haraji zai cinye babban rabo. Sai aka ƙulla ciniki mai rassa: Veritas ya karɓe hannun jarinsa ta hanyar haɗewa da tsohon kamfanin, masu jarin Seagate suka sami hannun jarin Veritas da tsabar kuɗi, wasu masu zuba jari ƙarƙashin Silver Lake Partners da Texas Pacific Group kuma suka sayi sana'ar faifan a kan kusan dala biliyan 2. Aka yi wa sabon kamfanin rajista a tsibiran Kayman, ya fita daga kasuwar hannun jari, ya dawo a Disambar 2002. A 2010 aka mayar da rajistar zuwa Ayilan, ko da yake a lokacin ragamar aiki ta ci gaba da zama a Kaliforniya. Wannan ba aikin mai ƙera faranti ba ne.

Daga nan sai saye-saye. A 2006 ya kammala sayen Maxtor a kan dala biliyan 1.9 ta musayar hannun jari, kuma Maxtor ɗin ya riga ya haɗiye MiniScribe a 1990 da sashen faifai na Quantum a 2001. To ƙanena, Quantum da Maxtor na teburinka ka ga inda suka shige. A 2011 ya sayi sashen faifai na Samsung a kan kusan dala biliyan 1.4, sannan LaCie na Faransa ya biyo baya. Sau da yawa abin da ake saye a irin wannan ciniki shi ne masu sayen kayan abokin hamayya, da kuma rage yawan masu karya farashi.

Mai kula da sabar ya amsa:

Gyara kaɗan, don kada mai tambaya ya zaci duk na teburin Seagate ne ya kwashe. IBM ya sayar wa Hitachi sashen faifansa a 2003, Western Digital kuma ya saye shi daga Hitachi a 2012, bayan hukumomin hana babakere sun tilasta masa sayar wa Toshiba wani ɓangare na kayan ƙera faifai mai inci 3.5. Na Fujitsu kuwa Toshiba ne ya saya a 2009. Kuma Quantum bai mutu ba, faifan kawai ya bari, ya ci gaba da sana'ar ajiya a kan tef.

Akwai kuma sa'a, wadda ku biyun ba ku ambata ba. Ambaliyar Tailan ta ƙarshen 2011 ta mamaye masana'antun Western Digital, ruwan bai shiga na Seagate ba, ko da yake masu kawo masa sassa sun taɓu. Farashin faifai ya yi sama a duniya, Seagate ya kwashi riba mai tsoka a shekarar da ta biyo. Sannan kada a wanke shi tas: a Afrilun 2023 ya amince ya biya tarar dala miliyan 300 ga ma'aikatar kasuwanci ta Amurka, saboda sayar wa Huawei faifai fiye da miliyan 7.4 bayan an ƙaƙaba takunkumi a 2020.

Mai koyon gyara ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba da Yaya da Malam. Na kwance na Maxtor ɗin kamar yadda Baba ya ce, maganaɗisun kuwa sai da na sa sukurudireba kafin na ɓanɓare shi. Saura tambaya guda. Kusan duk kwamfutar cinya da ake kawo mana yanzu SSD ne a cikinta, wato ma'ajiyar bayanai ta ƙwayoyin lantarki, babu abin da ke juyawa. To wa Seagate yake sayar wa kayansa?

Tsohon injiniya ya sake amsawa:

Kafin in amsa, na karɓi gyaran 'yata akanta, sai dai ina tunatar da ita cewa Maxtor ma babba ne mai yawan ciniki, amma kan karatu da rubutu daga waje yake sayowa, kuma shi aka saye. Mu bar shi a haka, kowa ya riƙe rabinsa.

Abin da ka lura da shi gaskiya ne, ɗana, kasuwar kwamfutar mutum ɗaya ta suɓuce wa faifai mai juyawa. A nan manyan biyun, Seagate da Western Digital, suka rabu hanya. Western Digital ya sayi SanDisk a 2016 domin ya mallaki ƙirar filash, wato ƙwayoyin ajiya da ake yin SSD da su, amma a Fabrairun 2025 ya sake raba su, kowa ya kama gabansa. Seagate yana sayar da SSD, ya ma sayi sashen filash na kamfanin LSI a 2014, sai dai bai gina masana'antar ƙera ƙwayoyin filash ɗin ba. Ya jingina ne da manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, inda hotuna da bidiyo da wasiƙun jama'a ke taruwa. A can ana lissafi ne da kuɗin kowane terabait, kuma har yanzu faifai mai juyawa ya fi filash arha nesa ba kusa ba ga bayanan da ake ajiyewa da yawa amma ba a buɗe su kowane lokaci.

Domin riƙe wannan rata, kamfanin ya shafe shekaru fiye da 20 yana aiki a kan fasahar da ake kira HAMR, wadda Dave Mosley, shugabansa tun Oktoban 2017, ya ɗora makomar kamfanin a kanta. Matsalar ita ce, idan ɗigon da ake rubutawa a faranti ya yi ƙanƙanta sosai, zafin ɗaki kawai yana iya goge shi, idan kuma aka yi amfani da shafe mai taurin da ba ya gogewa, kan rubutu ba ya iya juya shi. Sai aka ɗora ɗan ƙaramin leza a kan kai, yana gasa wurin da za a rubuta zuwa sama da maki 400 na ma'aunin Salshiyas cikin ƙasa da ƙiftawar ido, a rubuta, wurin ya huce nan take ya riƙe abin da aka rubuta. An sha ɗage ranar fitowarsa har wasu suka fid da rai, amma a Janairun 2024 Seagate ya sanar da jerin Mozaic 3+ mai ɗaukar terabait 30, wato terabait 3 a kowane faranti. Idan ka kwatanta da ST-506, ninki miliyan 6 ke nan, kuma a cikin akwati mai inci 3.5, girman da Conner ya riga Seagate runguma.