Shin toshewar jijiyoyin wuya ce ke haddasa cutar MS?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Likitoci sun tabbatar ƙanwata tana da cutar MS, wadda garkuwar jiki ke cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. An ce mana buɗe jijiyoyin jini na wuya yana warkar da ita. Mene ne gaskiyar zancen?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Likita Paolo Zamboni na Jami'ar Ferrara a Italiya ne ya kawo wannan ra'ayi a 2009, cewa ƙuncin jijiyoyin da ke fitar da jini daga ƙwaƙwalwa ne sanadi, amma gwajin da shi kansa ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2017, bai nuna aikin yana da amfani ba. Kada ku kashe kuɗinku a kai.

Amsa ta biyu:
Game da sanadin MS, hujjar da ta fi ƙarfi tana kan ƙwayar cutar Epstein-Barr. Binciken Jami'ar Harvard na 2022 a kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya nuna kamuwa da ita yana ninka haɗarin sau 32. Shan taba da ƙarancin bitamin D su ma suna ƙara haɗarin, kuma ana ganin ƙarancin bitamin D, wanda jiki ke samarwa da taimakon hasken rana, yana cikin dalilan da suka sa cutar ta fi yawa a ƙasashe masu ƙarancin hasken rana.

Mai tambaya:
Na gode. Gobe zan tambayi likitanta batun auna bitamin D.