Aikin farko bayan digiri: a jira na gwamnati ko a karɓi abin da ya samu?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum yayyenmu. Mu 'yan ajin ƙarshe a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), Zariya, kullum gardamar ɗaya ce. Wasu sun ce in an gama bautar ƙasa a jira aikin gwamnati, wasu sun ce a karɓi ko koyarwa ce a makarantar kuɗi. Wanne ya fi, kuma me ya kamata mu shirya tun yanzu?

Malam Na Kongo: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da takardunka. Sunanka da ranar haihuwarka su zo iri ɗaya a NIN, JAMB, WAEC ko NECO, da rajistar makaranta. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari ya maye gurbin sunan uba, ya isa a ajiye fayil ɗinka gefe ranar tantancewa. Duba ko sunanka na cikin jerin ɗaliban da JAMB ta tabbatar, don in babu, hukumar bautar ƙasa (NYSC) ba za ta kira ka ba. Nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma tun yanzu.

Batun jira kuwa, shekaru ne matsalar. Bankuna da yawa kan tsaya a 26 ko 27 wajen ɗaukar sababbin masu digiri, ga shi yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Wanda ya ƙara shekara biyu yana zaman jira, da hannunsa ya rufe wannan ƙofar.

Anti Tudun Wada: Ku shirya wa faɗuwar gaba. Alawus ɗin bautar ƙasa naira 77,000 ne a wata, mafi ƙarancin albashi a doka 70,000, amma makarantun kuɗi da dama ba sa kai ko ɗaya. Karɓa ba laifi, sai dai a yi lissafi. Cire kuɗin mota na ranakun aiki 22 a wata, musamman in daga Samaru za ka riƙa shiga cikin birni. Tambayi ko ana biyan watan dogon hutu, wasu ba sa biya. Kada ka fara sai da takardar ɗauka mai ɗauke da albashi da tsawon lokacin gwaji. In akwai fansho, kashi 8 cikin ɗari ake cirewa daga albashinka, wanda ya ɗauke ka aiki ya sa kashi 10.

Wanda bai karanci fannin ilimi ba kuma yana son koyarwa ta ɗore, ya yi PGDE (difilomar koyarwa bayan digiri), ko ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa (NTI) ce, ya yi rajista da hukumar rajistar malamai (TRCN).

Injiniya Sabon Gari: Ni a ganina tambayar ce ta yi ƙunci. Manyan wuraren aiki a Zariya, jami'a, asibitin koyarwa na Shika, kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, kwalejin jiragen sama, duk na gwamnati ne, kuma ba kullum suke ɗauka ba. Inda ake neman hannu shi ne wajen dillalan iri da taki, rumbunan masara da waken soya, da masu haɗa sola. Za su gwada ka a Excel, ko su ba ka mita su ce auna batir, ba ruwansu da ajin digirinka. Lokacin SIWES (horon sanin makamar aiki na ɗalibai) da shekarar bautar ƙasa ake koyon wannan.

Wanda kuma ya ce ka kawo kuɗi ya ba ka gurbi a ma'aikata, takardar bogi zai miƙo maka, sai ranar tantancewa ka gane.