Waɗanda suka hau jirgin bayan gari a manyan birane, me kuka gani?

Abu Safiyya, Kurna: Assalamu alaikum. Kullum da safe nakan daɗe a cikin A Daidaita Sahu daga Kurna zuwa Kantin Kwari, kuma na lura cewa mai zuwa nesa da mai sauka a kwanar gaba duk titi ɗaya muke turmutsutsu a kai. Na ji an ce a wasu birane, idan jirgin ƙarƙashin ƙasa ya cika ya batse, akan shigo da jirgin da ke jigilar mutanen bayan gari ya ratsa tsakiyar birni domin ya rage masa nauyi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa hawa su ba mu labarin abin da idonsu ya gane musu.

Malamar Faransanci, Gwale: Wa alaikumus salam, Malam. Na yi karatu a Paris, kuma a watannin farko layi na 1 na jirgin ƙarƙashin ƙasa nake hawa, wanda ke da tasha 25 tsakanin La Défense da Vincennes. Da safe sau da yawa jirgi biyu za su wuce ni ina tsaye, ƙofa ta buɗe amma babu inda mutum zai sa ƙafa, jakata kuwa a ƙirji nake rungume ta saboda matsi. Wata dattijuwa 'yar Senegal da muke maƙwabtaka ce ta ce mini in gangara ƙasa in hau RER A. Wannan jirgi asalinsa layukan bayan gari ne guda biyu, na gabas da na yamma, aka haɗe su ta rami a ƙarƙashin birnin a 1977, kuma tasha biyar kacal yake tsayawa a cikin Paris ɗin kanta. Taragunsa hawa biyu ne, sama da ƙasa. Ranar da na fara hawa na isa makaranta tun ba a buɗe aji ba. Sai dai kada in ɓoye muku, shi ma jama'a sun yi masa yawa, har ya zama ɗaya daga cikin layukan da suka fi cunkoso a Turai, abin da ya sa aka buɗe layi na 14 a 1998 da RER E a 1999 domin su kuma su rage masa. A ganina ribar tana wajen raba mai doguwar tafiya da mai gajeruwa, domin wanda ya taso daga nesa ba shi da dalilin tsayawa a kowace unguwa.

Baban Khalifa, Hotoro: Hajiya ta faɗi gaskiya. A Landan ina aikin jinya lokacin da aka buɗe layin Elizabeth a watan Mayun 2022. Kafin nan layin Central nake bi daga Stratford, tarago ƙarami, rufinsa kusa da kai, zafi kamar Kano a watan Afrilu. Sabon jirgin tsawonsa kusan mita 200 ne, yana ɗaukar mutum har 1,500, kuma da katin da nake biyan kuɗin tsohon jirgin nake shiga. Wannan na ƙarshe shi ya fi jan hankalina, domin da an ce sai na sayi wani tikiti na daban, da ni da abokan aikina da yawa ba za mu sauya hanya ba.

Alhaji na 'Yan Kura: Ni fatauci ke kai ni Legas, kuma can babu jirgin ƙarƙashin ƙasa, danfo ne ke shan wahalar. Na hau jirgin ƙasa na Red Line, wato jan layin da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, wanda ke amfani da dogon jirgin Legas zuwa Ibadan. Tafiyar ta yi daɗi, amma da na makara da 'yan mintoci, dole na koma titi da kayana a ka, saboda jiran na gaba zai cinye mini safiya. Jirgin da ba ya zuwa akai-akai ɗan kasuwa ba zai dogara da shi ba.

Abu Safiyya, Kurna: Allah Ya saka muku da alheri. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, dogo ya iso Kano tun 1911, kuma har yau yana nan shimfiɗe, ɓangare ɗaya ya bi ta Sharaɗa da Challawa, ɗayan ya nufi Jogana da Ringim a kan hanyar Nguru. Mutanen waɗannan wurare su ne ke cika titunanmu da asuba.

Baban Khalifa, Hotoro: Haka ne, Malam, amma tsohon dogon siriri ne kuma layi ɗaya, ga kasuwa da gidaje sun matso har bakinsa a wurare da dama. Makon jiya na tsallaka shi da yamma, na tarar da wata mai awara ta kafa kaskonta taku biyu daga ƙarfen, yara kuma suna zaune a kansa suna jiran a zuba musu.